Hujin da Na Toshe a Murfin Tanki

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, a cikinta na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da bakwai a duniya. Na yi rajista bayan ƙaramar Sallah. Ban cika wata biyu ina zuwa ba aka wayi gari mai ya tashi, kowa ya koma tattalin ɗan abin da ke cikin tankinsa.

Sana'ata rabon burodi. Akwai wani gidan burodi a Kinkinau, kusa da inda nake haya, na fi shekara goma sha biyu ina ɗaukar kayansu a mashin ina kai wa masu shago da masu shayi. Zagaye biyu nake yi, na safe bayan Asuba, da na rana idan gashi na biyu ya fito wajen ƙarfe biyu. Ba na yin nisa. Daga wannan shago sai na gaba, in kashe mashin, in sauke, mu gaisa, in matsa. Ina gama zagayen rana ana kiran La'asar.

Ajin namu a Abakwa yake, a cikin wata firamare, bayan yara sun tashi. Akwai irinsa a kusa da mu, amma mai shayin da ke kallon ƙofar makarantar ni nake kai masa burodi, ban so ya riƙa ganina da littafi a hammata ina shiga ajin yara. Sai na zaɓi inda ba a san ni ba. Matata kaɗai ta san inda nake zuwa daga Litinin zuwa Alhamis. Idan na sallame La'asar sai in hau baifas, in wuce Unguwar Sanusi da Badiko da Panteka, in ratsa Kurmin Mashi in shiga Abakwa. In babu matsala ina isa da sauran 'yan mintoci.

Malaminmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, daga Doka yake zuwa, kullum da farar riga da jan biro a aljihu. Tun ranar farko ya gaya mana doka. Ana kiran suna ƙarfe biyar saura kwata. Wanda ya zo bayan an rufe rajista zai shiga ya yi karatu, amma ranar ba ta cikin lissafinsa. Wanda fashinsa ya wuce goma, ba za a aika da sunansa ofis ba, ba zai zauna jarrabawar da ake yi idan ruwa ya ɗauke ba, sai ya maimaita aji.

"Ba ni na kafa ta ba," in ji shi. "Amma ni aka ba riƙo, kuma ban taɓa cika rajistar ƙarya ba lokacin da nake aiki, ba zan fara da furfura ba."

Jarrabawar nan nake so. Da ita ake wucewa aji biyu, inda ake koyon cika fom da rubuta wasiƙa. Mai shekara arba'in da bakwai ba ya ganin shekara guda a matsayin abin wasa.

To, a satin da mai ya tashi, wata rana na dawo na ajiye mashin a tsakar gida cikin rana. Matata tana shanya ta ce, "Malam, warin fetur ya cika gidan nan." Na matsa na shinshina, daga murfin tanki yake fitowa. Na ce a raina, warin nan ai man ne da kansa yake tafiya. Na buɗe murfin na kifa shi a tafin hannuna. Kusa da robar da ke zagaye da shi na ga wani ɗan huji, bai fi kafar allura ba. Na ɗauka tsufa ne ya huda shi. Na sayo gam irin wanda ake liƙa takalmi da shi, na ɗiga masa sau biyu, na bar shi ya bushe. Wari ya ɗauke. Har na nuna wa matata, ta ce sannu da dabara.

Daga ranar kuma na daina buɗe tanki sai in zan sha mai. In ina son sanin ko da saura, sai in girgiza mashin in kasa kunne, kamar yadda kowa ke yi. Ban san hujin nan aiki yake yi ba. Sai da na yi kusan wata huɗu kafin in sani.

Bayan kwana uku, ina kan baifas dab da Panteka, mashin ya fara shaƙewa kamar wanda tuwo ya sarƙe. Na murɗa totur, ya yi bub-bub, ya ɗan zabura, ya yi shiru. Na gangara gefe. Na girgiza shi, na ji mai yana motsi. Na yi ta buga kiki har ƙafata ta yi tsami, ko gezau. Na ciro sufana na kwance filogi, na kankare bakinsa da ashana, na hure, na mayar. Na buga, bai tashi ba. Na sake kwancewa. Sai da na kusa rabin awa a wurin, sannan bugu ɗaya ya kama kamar ba shi ba. Na ce filogi ne.

Da na shiga aji har an fara karatu. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam mai burodi, an rufe. Zauna dai."

Washegari mashin ya yi zagayen safe lafiya lau. Duk da haka na biya wurin makanikena. Rumfarsa tana bakin titi a ƙarƙashin wata darbejiya, sa'ana ne, mun daɗe tare. Shi Bazazzagi, ni Bakano, saboda haka ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Bawana, me ka ɓata kuma?" ya ce tun ban sauka ba.

"Ubangidanka ne ya zo. Mashin ne ke mutuwa a hanya."

Ya karɓi makulli, ya buɗe tanki ya leƙa, ya rufe. Ya zare tiyo daga kafireto, mai ya zubo shar. Ya mayar, ya hau ya zagaya layi biyu ya dawo.

"Wannan ai ya fi ka lafiya. Ko dai kai ne ka manta ka kunna famfon mai? Na san Kanawa, sai ku rufe famfo don rowa ku ce mashin ya tafi a kan alkawari."

Ya sa mini sabon filogi na tafi.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ba kullum yake yi ba. Sai ya yi sati bai ce komai ba, in saki jiki, sannan ranar Talata ya mutu a Badiko. Wata rana ya yi shaƙewar ya wartsake da kansa. Wata rana ya mutu a hanyar dawowa, lokacin da babu mai kiran sunana. Wata rana ya mutu amma ya tashi da wuri, in shiga aji ana kan kiran suna ina haki. A zagayen burodi kuwa bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Kafin babbar Sallah fashina ya kai uku.

Na fara lura da wani abu. Akwai wani gidan mai a tsakiyar hanya, wajen Badiko. Duk ranar da na tsaya na sha mai a wurin, sai in isa Abakwa lafiya. Ranakun da na sha a hannun 'yan bumburutu na unguwa kafin in taso, a cikinsu ake samun mutuwar. Na kai wa makanike wannan labari ina jin na gano bakin zaren. Ya ce ba mamaki, ana haɗa mai da abubuwa a kwanakin nan. Ya sauke tanki ya wanke, ya kwance kafireto ya wanke da fetur, ya hure duk ƙananan hanyoyinsa da baki. Aikin ya cinye yammacin, ban je aji ba. Huɗu ke nan.

Daga nan na bar 'yan bumburutu. Amma layin gidan man da yamma yana da tsawo, shi ma zai iya makarar da ni. Sai na koma zuwa can da hantsi, bayan zagayen safe, in sha in dawo. Mai ɗaya, gidan mai ɗaya. A rana ta biyu mashin ya mutu a gaban gidan man, ina kallon famfunansu. Na tsaya riƙe da shi, ban ma yi fushi ba. Na dai san ba mai ba ne.

Da damina ta zauna sai abin ya ƙaru. Ranar da ruwa ya kama ni a Kurmin Mashi, mashin ya mutu a tsakiyar ruwan. Na tura shi ƙarƙashin rumfar wani mai faci, littafina a cikin ledar burodi a ƙirjina. Duk wanda ya fake a wurin sai da ya ba ni shawara. Wannan ya ce ruwa ne ya shiga hular filogi, wancan ya ce salansa ce ta toshe, wani dattijo ya ce in duba ko an yi mini baki. Makanike ya naɗe hular filogin da robar tayar keke. Bayan kwana biyu ya mutu da rana tsaka babu ko hadari.

A zuwan da na yi bayan wannan ne makanike ya ajiye sufana ya dube ni.

"Tsaya tukuna, Bakano. Kullum ka ce Badiko, Panteka, Kurmin Mashi, kullum kuma bayan La'asar. Burodinka bai wuce Kinkinau ba. Me kake zuwa yi can? In ƙarin aure za ka yi ka gaya mini, in sa maka sabuwar kujera."

Na ga in ban faɗa ba zai ƙirƙiro wanda ya fi wannan. Na ce, "Makaranta nake zuwa. Yaƙi da jahilci, a Abakwa."

Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen rumfa. "To ai shi ke nan, an gano cuta! Mashin ɗin ne ba ya son boko. Shekara goma sha biyu kuna yawonku da jahilcinku lafiya, yanzu ka ce za ka bar shi a baya?"

"Kai dai gyara. In na iya rubutu ni zan rubuta maka allon rumfar nan, mutane su san inda za su guje wa."

Da ya gama dariyar ya tambaye ni ƙarfe nawa ake shiga. Na gaya masa, na gaya masa zancen goma. Tun daga ranar, in na zo, sai ya ajiye aikin da ke hannunsa ya fara da nawa. Bai kuma gaya wa kowa ba.

Ya ce tunda sai an yi tafiya mai nisa yake mutuwa, kuma in ya huta sai ya tashi, to zafi ne, kwayil ne ke ɗaukar zafi ya yanke wuta. Maganar ta shiga hankali. Muka je kasuwar Panteka muka sayo kwayil. Ya yi kwana tara lafiya, har na kai wa makanike burodi mai kwakwa. A na goma ya mutu. Muka canza ɗan akwatin wutar da ke ƙarƙashin kujera. Ya mutu. Daga ƙarshe ya ce kafireton ne ya gaji. Mai kayan gyara ya karɓi nawa na asali, wanda ya zo da mashin daga kamfani, na yi ciko ya ba ni sabo a kwali. Sabon yana ƙyalli amma bai kai tsohon nauyi a hannu ba, kuma ya fi shi shan mai. Shi ma bai hana komai ba.

Na gwada barin mashin a gida. Sau biyu na shiga Keke. Ran farko na isa a kan lokaci. Rana ta biyu muka tsaya jiran cikon mutum ɗaya, sannan direban ya shiga layin mai da mu a ciki. Na roƙi mai gidan burodi a ba ni kayan rana da wuri, ya ce in je in roƙi tanda. Ranar da aka yi rasuwa a layinmu kuma na tsaya jana'iza, wannan ba laifin mashin ba ne. Da haka fashina ya kai takwas.

A cikin wannan lokacin Malam ya ba mu aikin gida na kullum. Kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da ya same shi a ranar, da sunan ranar a sama. Wasu suna rubuta abin da suka ci, wasu kasuwa. Ni ba abin da ke samuna sai mashin, saboda haka shi nake rubutawa. Ina rubutu a hankali, ina danna fensir har ya fito a bayan takarda. Layi biyar yana cin mini lokaci mai yawa, shi ya sa ba na ƙara komai sai abin da ya faru. Inda na sha mai, inda ya mutu, abin da na taɓa, yadda ya tashi.

Wata rana Malam yana duba littafina ya ce, "Malam mai burodi, ni yanzu na fi sanin lafiyar mashin ɗinka a kan ta jikokina."

'Yan aji suka yi dariya. Da aka tashi ya tsayar da ni. Ya buɗe rajista ya juyo mini da ita, ya sa yatsa a layina, ya ce in ƙirga da kaina. Na ƙirga. Tara.

"Hannunka ya fi na kowa kyau a ajin nan," ya ce. "Ba na son in rasa ka a jarrabawa. Sati biyu ya rage in aika da sunaye. Ka yi yadda za ka yi."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Na goma ya zo ranar Litinin ta satin ƙarshe. Talata da Laraba na isa lafiya. Ranar Alhamis na roƙi wani abokin aikina ya ƙarasa mini shaguna huɗu na ƙarshe, na yi La'asar a masallacin bakin hanya, na taso da wuri fiye da kullum. Na wuce Badiko, na wuce Panteka, ina jin sautin injin kamar mai sauraron numfashin majinyaci. A farkon Kurmin Mashi ya shaƙe. Ban tsaya kwance filogi ba. Na buga sau biyar, na sauka na kama turi. Ba zan iya barin shi a titi ba, da shi nake ci da iyali. Na tura shi da sauri-sauri, akwatin burodi yana kaɗawa a baya, masu Keke suna mini hon. Da na shiga harabar makarantar rigata ta jiƙe sharkaf.

Rajista tana rufe a kan tebur, jan biro a kanta. Malam ya dubi agogonsa, ya dube ni. Biyar ta wuce da minti goma. Ban roƙe shi ba, domin na san amsar kuma ban so in sa shi ya faɗe ta. Na zauna a bencina na buɗe littafi. Da aka tashi na fito, na buga kiki sau ɗaya, mashin ya tashi.

Ranar Asabar da hantsi na kai shi wurin makanike na ce ya sauke injin gaba ɗaya. Ya zagaya mashin ɗin ya dawo ya zauna a kan benci.

"Ba zan buɗe injin da ke da lafiya ba. Na canza maka duk abin da na sani, kunya ta fara kama ni. Zauna. Faɗa mini tun daga farko, rana ɗaya-ɗaya, kada ka tsallake."

Na ce ba zan iya tunawa ba, amma yana rubuce. Littafin yana cikin akwati. Na ɗauko.

"Oho, yau za mu ga abin da ake koya muku. Karanta, ɗan boko."

Na fara karantawa da yatsa a kan layi. Ban taɓa karanta wa kowa komai ba a wajen aji. Litinin, ya mutu a Badiko, na kwance filogi, ya daɗe bai tashi ba. Talata, na sha mai a hanya, bai mutu ba. Laraba, bai mutu ba. Alhamis, ya mutu a Panteka, na jira ya huce. Yana saurare yana goge hannu da tsumma. Na yi shafi uku. Na zo wata Laraba: ya mutu a Kurmin Mashi, na girgiza ban ji mai ba, na buɗe tanki na ga akwai kaɗan, na buga ya tashi, na samu kiran suna.

"Sake karanta wannan."

Na sake.

"Bugu nawa?"

"Ɗaya, ina jin. Na ɗauka don na karkata shi ne man ya gangaro."

"Nemo mini duk ranar da ka buɗe tanki bayan ya mutu."

Na bi shafukan a hankali. Sau uku ne kacal a cikin littafin duka, kuma duk ukun na rubuta ya tashi nan take.

"Sauran ranakun me ya hana ka buɗewa?"

"Ina jin motsin man. Me zai sa in buɗe ya tashi a iska?"

Ya miƙe ya ce in hau in ja, shi zai zauna a baya, kada wanda ya taɓa murfin. Muka hau baifas. Muka wuce Badiko, muka wuce Kurmin Mashi, bai mutu ba. Ya ce in juya. A hanyar dawowa, kusa da Panteka, ya shaƙe ya yi shiru. Ban taɓa jin daɗin mutuwarsa ba sai ranar.

"Kada ka buga. Sauka."

Ya zare tiyo daga kafireto. Famfo a buɗe, amma ko ɗigo. Ya ce in sa makulli a murfi, in kawo kunnena kusa, in murɗa a hankali. Na murɗa. Na ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar mutumin da aka daɗe da toshe wa hanci. Kafin in ɗago, mai ya tsinko daga tiyo ya jiƙa masa hannu. Ya mayar da tiyon, ya buga sau ɗaya, mashin ya kama.

Ya karɓi murfin ya kifa shi, ya kai shi saitin rana, ya sa farce yana kankara. Wani ɗan busasshen abu mai haske ya ɓallo.

"Wane ne ya sa gam a nan?"

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Wallahi tun ranar da na ɗiga shi ban sake tuna shi ba, domin a wurina gyara na yi, kuma gyaran ya yi.

"Ni ne. Wari yake fitarwa."

"Wari." Ya maimaita yana kallon motocin da ke wucewa. "Kai Bakano, har warin fetur sai ka adana? Shekara nawa kana kai wa masu shayi burodi?"

"Goma sha biyu."

"In za su huda gwangwanin madara, huji nawa suke yi?"

"Biyu."

"Na biyun na mene ne? Ado?"

Na ga abin a idona, mai shayi yana huda nan ya huda can, madara tana zuba babu gardama. Makanike ya ce haka tanki yake. Mai yana sauka, iska tana shiga ta hujin ta cike wurinsa. In ka toshe, mai zai sauka na ɗan lokaci sannan ya tsaya. A zagayen burodi ina tsayawa kowane minti biyu, iska tana samun sata ta gefen roba. A doguwar hanya ba ta samun lokaci. Rabin awar da nake yi ina kankare filogi, ba filogi nake gyarawa ba, iska nake jira ban sani ba. Gidan man Badiko kuma ba mansu ne ya fi kyau ba, murfin ne nake buɗewa a tsakiyar hanya.

"Ni ma da laifina," ya ce. "Duk zuwan da ka yi, abin da nake fara yi shi ne buɗe tanki. Da hannuna nake warkar da shi sannan in ce lafiyarsa ƙalau."

Ya ari allura a wurin wani mai ɗinkin takalmi da ke gefen titi, ya zura a hujin ya juya sau biyu, ya hure. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Mai ɗinkin ya karɓi allurarsa ya ci gaba da ɗinki.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa aji, har na taya mai gadi buɗe tagogi. Da Malam ya zo na gaya masa an gano matsalar, na gaya masa yadda aka gano ta. Ya sa na nuna masa ranakun uku a littafin. Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya ce ya kai sunaye ofis tun ranar Juma'a, ya kuma yi maganata a can, ya nuna musu rubutuna, suka ce in aka buɗe wa mutum ɗaya sai an buɗe wa kowa.

"Na so a ce Asabar ɗin nan ta riga Alhamis zuwa," ya ce.

"Haka Allah ya tsara, ranka ya daɗe. Ba wanda ya toshe hujin sai ni."

Ya ce in ci gaba da zuwa har a rufe aji, kuma bencina yana nan idan an dawo. Na ci gaba da zuwa. Mashin bai sake mutuwa ba, har yau. Ranar jarrabawa na yi zagayen burodina na koma gida. Mu goma sha tara ne a ajin, goma sha shida suka zauna, goma sha huɗu suka wuce aji biyu. Da aka dawo na koma aji ɗaya tare da sababbin zuwa, muka fara daga baƙaƙe.

Abin da na rasa ke nan: filogi huɗu masu lafiya, kwayil ɗaya mai lafiya, akwatin wuta ɗaya, kafireto na asali wanda na koma nema aka ce an sayar, shaguna biyu da suka koma wa wani saboda ranakun da na wuni a rumfar makanike, kiran suna goma sha ɗaya, jarrabawa ɗaya, da shekara ɗaya.